Muzurun Hajiya

A bakin titin da ya taso daga Kano, ya ratsa Dambatta, ya bi ta tsakiyar Kazaure ya miƙe zuwa Daura, akwai wani tsohon tela da mutane suka fi sani da tsuntsayensa fiye da ɗinkinsa. Mutumin Roni ne. Ya zo Kazaure yana saurayi, tun garin yana cikin Jihar Kano, ya ga yadda aka yanke Jigawa a 1991, ya ga yadda ɗaliban makarantar Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu suka cika gari da son ɗinkin zamani har kasuwar babbar riga ta ja baya. Abin da bai canza ba a rumfarsa shi ne keji shida da ke rataye a jikin azara, kowanne da kanari ɗaya a ciki. Da hannunsa yake haɗa su, da gwangwala da siririyar waya, ya sa ɗan kasko na gero da ɗan gwangwani na ruwa.

Kanari iri biyu yake kiwo. Akwai mai rawayan ƙirji, wanda ido ke so. Akwai kuma mai ruwan toka da fari a gindin wutsiya, wanda in ka gan shi ba za ka taya shi ko sisi ba sai ranar da ya buɗe baki. Namijin ne gwanin waƙa. Bayan kaka yara ke kawo masa su daga gonaki, sun kamo su da keji mai tarko, irin wanda ake sa tsohon kanari a ciki ya yi ta kira har 'yan'uwansa su sauko. Sabon kamu yakan yi makonni bai ce uffan ba. Sai a lulluɓe kejinsa da ƙyalle, a rataye shi kusa da gwani, a bar shi ya saba da ƙarar keken ɗinki da hayaniyar titi. Ranar da ya fara rerawa, tsohon yakan ɗage ƙafa daga kan keke ya saurara har ya gama, ko da mai riga na tsaye a kansa.

Wata rana da la'asar sakaliya mota ta tsaya a ƙofar rumfar, Alhaji ya fito riƙe da hannun autansa, yaro ɗan shekara bakwai. Alhaji ɗan kasuwar amfanin gona ne. Yana sayen riɗi da zoɓo da gero a ƙauyukan Babura har zuwa bakin iyakar Nijar, ya tara a siton da ke cikin gidansa, idan kaya sun kai lodin mota ya tura Dawanau. Mai sito ba ya rabuwa da ɓera, saboda haka ba ya rabuwa da kyanwa. Ta gidan Alhaji muzuru ne, ƙato, baƙi da fari, wanda Hajiya ta tsinta tun idonsa bai buɗe ba ta raine shi da madara a cokali. Duk unguwa an san shi. An san 'yan tsakin maƙwabta da suka ɓace, an san 'yan shilar da aka tarar da fuka-fukansu a bayan katanga. An kuma san cewa duk wanda ya kai ƙara, Hajiya kan biya shi kuɗin kazarsa ta ce don Allah a bar maganar a nan.

Saƙo biyu Alhaji ya zo da su, tsohon kuwa ya san da duka biyun tun kafin a kashe mota. Na farko kanari ne, Auta ya matsa. Na biyu na Hajiya ne. Tsohon yana da jika mace 'yar shekara goma sha ɗaya, marainiya, tana wajen uwarta a wani ƙauye a ƙasar Gwiwa, kuma sau biyu Hajiya tana aikowa a ba ta riƙonta, ta riƙa taya ta 'yan aikace-aikace, a sa ta a makaranta, a yi mata kayan ɗaki idan lokaci ya yi. Tayin ba abin rainawa ba ne ga gidan da rumbunsa ke ƙarewa tun sabon gero bai fid da kai ba. Sai dai a gidan Alhaji akwai babban ɗa da ya bar karatu ya dawo ya tare a ɗakin soro, wanda bara aka kashe wata magana tasa da daddare ba a bari ta kai kunnen mai unguwa ba, yarinyar da ke aiki a gidan kuma aka mayar da ita ƙauyensu da buhun gero da turmin atamfa.

Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi kasuwa. Alhaji ya fara da mai sauƙin.

"Baba, abokinka ne ya hana mu sakat. Kanari yake so. Ka zaɓar masa gwani, ko nawa ne."

Tsohon ya dubi yaron ya yi murmushi. "Aboki, je ka wancan kejin na ƙarshe ka duba mini ko ruwansa ya ƙare." Da yaron ya matsa, sai ya juyo. "Alhaji, muzurun nan na Hajiya yana nan?"

"Yana nan, Baba. Ai ya girma, ya yi sanyi. Kullum a ƙoshe yake, ga kan kifi ga madara. Ko ɓera ma sai ya ga dama."

"To zauna in ba ka labarin wani gida. Ba na garin nan ba ne.

"Shekarun baya wani mutum ya zo mini daga wajen Babura, mai rufin asiri, shi ma da sito a gidansa, shi ma da muzuru. Na tambaye shi abin da na tambaye ka, ya ba ni amsar da ka ba ni, har da kan kifin. Na ba shi kanari mai ruwan toka, wanda na yi wata uku ina lallashi kafin ya buɗe baki. Suka kafa ƙusa a bangon baranda suka rataye kejin, ga buhunan gero jibge a ƙasansa, sun yi wa muzuru matakala ba su sani ba. Kwana huɗu aka yi. Ran na biyar uwargida ta fito alwalar asuba ta tarar da keji a ƙasa, gwangwala a karye, gashi ko'ina. Ka san abin da ta fara yi, Alhaji? Tsintsiya ta ɗauko. Kafin maigida ya dawo daga masallaci an share tsakar gida tas, an jefa kejin bayan rumbu. Da ya tambaya aka ce yaro ne ya bar ƙofa a buɗe tsuntsu ya tashi. Yaron ya sha bulala. Da gaskiya ta fito daga bakin maƙwabta sai magana ta juya, aka ce ai tsuntsun ne ya cika iyayi, tun asuba yake tsala waƙa, wa zai ji wannan ya kau da kai? Muzuru kuwa ya sha madararsa a kan lokaci."

A nan zan ɗan tsayar da tsohon in sa baki, domin maganar ƙoshin nan ita ke yaudarar mafi yawan masu kyanwa. A jikin wannan dabba farauta daban, yunwa daban. Motsi ne ke tayar mata da farauta, ƙaramin abu mai tsalle, mai fiffike, mai siririyar murya. Kyanwar da ta lashe kwano yanzun nan za ta yi kwanton ɓauna ta kashe, ta ajiye ba ta ci ba. Saboda wannan halin ne ma ɗan Adam ya jawo ta jiki tun farko. Kakarta kyanwar daji ce da ta matso rumbunan manoman farko a Gabas ta Tsakiya, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, tana bin ɓeraye, aka ga amfaninta aka bar ta. Farcen da ke tsare wa Alhaji riɗinsa shi ne zai shiga tsakanin wayar keji. Wani bincike da masana a Amurka suka fitar a 2013 ya ƙiyasta cewa kyanwoyi na kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 da biliyan 4 duk shekara a ƙasar kaɗai. Kaso mafi yawa aikin marasa gida ne, amma na gida, masu suna da kwano da wurin kwana, su ma nasu rabon ba kaɗan ba ne. A wani ɗan tsibiri na ƙasar Niyu Zilan akwai wani ƙaramin tsuntsu da ba ya iya tashi sama, wanda a lokacin babu irinsa ko'ina a duniya sai can. A 1894 aka kunna fitilar hasumiyar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya a tsibirin, ma'aikata suka tare, kyanwa ta shigo tare da mutane. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya san tsuntsun ne ta gawarwakin da kyanwa ke kawo masa ƙofa. Cikin 'yan shekaru kaɗan aka nemi irin tsuntsun aka rasa, har yau.

Alhaji ya ce, "Ai sun yi ganganci, Baba. Wa ke rataye keji a kan buhu?"

"Haka shi ma ya ce da ya dawo. Ya ce kuskure ne, ya gane. Ya sayi keji na ƙarfe a Kano, ya ce a tsakiyar rumfa zai rataye shi, nesa da bango, nesa da buhu, inda ko tsalle nawa muzuru ya yi ba zai kai ba. Na ba shi na biyu, mai rawayan ƙirji. Kuma gaskiya ne, muzuru bai kai ba. Zuwa yake yi ya zauna a ƙasan kejin ya ɗaga kai. Da magariba ya zo, da asuba ya zo, wani lokaci ya kwana nan. Ba ya komai, kallo kawai. Mutanen gida har kiran baƙi suke yi su nuna musu, su ce ku ga ikon Allah, sun saba, sun zama abokai. Tsuntsu ya daina waƙa. Ya rage cin gero. Da daddare sai a ji yana fafur-fafur yana dukan waya da ƙirji, a ce iska ce. Bayan wata biyu mutumin ya kawo mini shi a fusace, gashin wuya duk ya zube, ya ce na sayar masa da bebe. Na ce ka duba jikinsa, an taɓa shi? Ya ce wallahi ko farce bai taɓa shi ba. Na ce na yarda." Tsohon ya nuna kejin ƙarshe da haɓa, inda Auta ke tsaye yana ɗiga ruwa a gwangwani. "Ga shi can. Gashinsa ya dawo. Muryar ce har yau ba ta dawo ba."

Duk mai kiwon kanari ya san yakan yi shiru lokacin da yake sauya gashi, kuma wannan shirun yana wucewa. Shirun da ya zo da ƙin abinci da firgitar dare wani abu ne daban, kuma shi kaɗai ne bakin da tsuntsun yake da shi na kai ƙara. Masu haƙar kwal a Ingila sun daɗe suna sauka rami da kanari a keji, har zuwa 1986, domin iska mai guba takan kama shi kafin ta kama mutum. Idan ya yi shiru ko ya faɗo daga kan sandarsa, kowa ya yar da aiki ya yi waje. Mutanen da ke cikin duhun rami sun san su saurari shirun tsuntsu. A gidan nan na wajen Babura, da rana tsaka, mutum goma suna wucewa ta ƙasan keji, babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa me ya sa abin da ya shigo yana waƙa ya koma haka. Da shirun ya dame su, laifi suka mayar da shi.

"Na uku fa?" in ji Alhaji. Muryarsa ta ɗan sauka.

"Na ukun nan, nawa alhakin ya fi na kowa. Ana saura kwana goma Sallah, mai ɗakina tana kwance, keke ya lalace. Mutumin ya dawo da kuɗi ninki biyu, ya ce yaro ya ƙi cin abinci, ya ce wannan karon a ɗaki za a sa. Na san gidan, na san muzurun, na san tsintsiyar. Na karɓi kuɗin. Aka sa keji a ɗakin uwargida a kan kabad. Ɗakin da muzuru ya girma a ciki ke nan, a nan yake kwana tun yana jariri, wa zai hana shi shiga? Wata rana da hantsi yarinyar gidan ta shiga ta tarar da shi a kan kabad, hannu ɗaya cikin waya. Ta yi ihu ya dira. Aka duba tsuntsu, ga shi tsaye a kan sandarsa, babu jini, babu karaya. Aka ce Alhamdu lillahi, an auna arziki, kada a gaya wa maigida ransa ya ɓaci. Kwana biyu aka wayi gari yana ƙasan keji ya bushe. Aka ce ajali ne. Da suka kawo mini gawar na hura gashin ƙarƙashin fiffike, sai ga ɗan huji, bai kai kan allura ba."

Wannan ɗan hujin likitocin dabbobi sun san shi sarai. A bakin mafi yawan kyanwoyi akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Fasturela, wadda ba ta damun kyanwar, kuma tana kaiwa ga farata saboda yawan lasar da take yi musu. Idan ta shiga jinin ƙaramin tsuntsu takan kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da raunin bai fi tsagar ƙaya ba. Abin da ke cetonsa shi ne a kai shi wurin likita a ranar, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta tun bai nuna alama ba, domin tsuntsu gwanin ɓoye ciwo ne. A daji duk wanda ya nuna rauni shi ake fara ɗauka, don haka zai tsaya cak a kan sanda har sai ƙarfinsa ya ƙare. Kwana biyun nan da aka yi ana rufa wa muzuru asiri, su ne kwanakin da tsuntsun yake da su.

Ni a duk labarin nan abin da ya fi ci mini rai tsintsiyar nan ce. Mai shara ba muguwa ba ce a idon kowa. Tana salla, tana sadaka, tana ciyar da almajirai, kuma da gaske take son muzurunta, ita ta raine shi. Ba ta so maigida ya ji, ba ta so maƙwabta su ji, ba ta so a ce abin da ya girma a hannunta ya yi ɓarna. Amma duk sharar da ta yi, hanya ta gyara wa tsuntsu na gaba ya shigo, domin mai sayarwa bai ga gashi ba, mai saye ya samu bakin cewa ba a taɓa yi ba. Da ta bar gashin nan a tsakar gida har rana ta fito kowa ya gani, da na biyu da na uku suna can gonakinsu.

Alhaji ya cire hula ya mayar. "To Baba, ai gidaje da yawa suna da kyanwa suna da tsuntsu, kuma ana zaune lafiya. Sai mu ɗaura masa 'yar ƙararrawa. Kuma Hajiya tana gida kullum, idonta na kai."

"Ƙararrawa tsuntsun da ke sake take taimaka wa, mai iya tashi. Wanda ke cikin keji in ya ji ta, ina zai je? Batun ido kuwa, Hajiya tana barci, tana zuwa biki, tana zuwa ta'aziyya, tana shiga wanka. Shi kuwa ba shi da wani aiki sai jira. Ban ce ba a haɗawa ba, Alhaji. Na san gidajen da aka haɗa. Ɗaki ake warewa mai ƙofa da sakata, wanda muzuru bai taɓa shiga ba kuma ba zai shiga ba, ko da rana ko da dare, ko da baƙi sun cika gida. Keji na ƙarfe, mai matsattsiyar waya da hannu ba zai shiga ba, a rataye daga sama, babu kabad kusa, babu labule, babu taga. In an yi tsautsayi ya taɓa shi, a ranar ake faɗa, a ranar ake neman magani, ko ran wa zai ɓaci. Duk wannan mai sauƙi ne, kafinta da maƙeri za su yi maka shi a yini ɗaya. Mai wuyar shi ne maigida ya tara mutanen gidansa, ya buɗe baki ya ce muzurun nan namu yana kisa. In ya iya faɗin wannan, sakata za ta riƙa shiga. In kuwa ana nan ana cewa ai ya yi sanyi, ai ba halinsa ba ne, ai sharrin maƙwabta ne, to wata rana wani zai bar ƙofa a buɗe, don a ransa bai yarda akwai abin da ake rufewa dominsa ba. Kai za ka iya faɗa a gaban Hajiya?"

Alhaji bai amsa wannan ba. Cewa ya yi, "Addini dai bai hana yaro kiwon tsuntsu ba."

Bai hana ba kuwa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin ƙanen Anas ɗan Malik, yaron da ake wa alkunya da Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tambaye shi labarin tsuntsun. Daga nan malamai suka fahimci halascin riƙe tsuntsu matuƙar ana ba shi haƙƙinsa. Kyanwa ma tana da nata matsayin. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da komo a cikin gida, kuma kowa ya san dalilin alkunyar Abu Huraira. Babu mai cewa a kashe muzuru ko a bar shi da yunwa, ga hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Amma wannan hadisin kansa a kan wanda ya rufe ƙofa yake magana. Duk ran da ka ɗauko daga inda Allah ya ajiye shi ka sa a inda ba zai iya gudu ba, ka ɗauke masa dabararsa ta kare kai, tsaronsa ya dawo wuyanka gaba ɗaya. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana ta kaɗa fuka-fukai a kansu, Annabi ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya sa aka mayar mata da su. Ina tuna wannan duk lokacin da na ji labarin masu bin ƙauyukan Roni da Gwiwa suna tattara ƙananan tsuntsaye su kai birni, su karɓi la'adarsu, ba su taɓa tambayar me ke kwana a gidan da suka kai su ba.

Tsohon bai kawo hadisi ko ɗaya ba, ba fanninsa ba ne. Abin da ya ce shi ne, "Alhaji, shi muzuru mai ƙafa huɗu ban ga laifinsa ba. Dabba ne, alƙalami bai hau kansa ba, shi ya sa ake rufe masa ƙofa a ci gaba da ba shi madara. Da mai hankali ne ya yi abin da ya yi, wanda ya san halal ya san haram, to ba a sakata maganar za ta tsaya ba. Gaban alƙali za a kai shi, ko ɗan wane ne, kuma wanda ya haife shi ne ya kamata ya riƙe hannunsa ya kai shi."

Aka yi shiru. Wata tirela ta wuce ta nufi Daura, rumfar ta girgiza. Auta ya dawo da gudu ya ce na ƙarshen ya sha ruwa, amma shi mai ruwan tokan nan na biyu yake so.

"Na ba ka shi, aboki, kyauta," in ji tsohon. "Naka ne daga yau. Amma a nan zai zauna. Duk ranar da babu makaranta ka zo ka zuba masa gero, ka wanke masa gwangwani, in koya maka yadda ake haɗa keji." Ya juya ga uban. "Akwai wani saƙon, Alhaji?"

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙasa. "Babu, Baba."

"To ka gai da Hajiya."

Yarinyar Gwiwa ta ci gaba da zama wajen uwarta. Tsohon ya ƙara wa abin da yake aika musu duk wata, ya koma karɓar facin da a da yake turawa wajen yara. Auta yakan zo ranar Asabar, direba ya kawo shi.

Bayan kamar mako uku wata maƙwabciyar Hajiya ta kawo ɗinkin yaranta, tana cikin hira ta ce ai Hajiya ta huta, an samo mata yarinya daga wani ƙauye a bayan duwatsun Roni, wata mata mai kawo su ce ta kawo ta, ƙarama ce amma akwai ladabi. Tsohon ya tambayi sunan ƙauyen, ya tambayi 'yar gidan wa ce. Da ta faɗa, sai ya gane gidan. Da kakan yarinyar suka yi karatun allo.

Ya rufe keke da ƙyalle, ya gaya wa yaron shagonsa ya sauke keji kafin magariba ya shigar da su ciki, ya ɗaga wa ɗan acaɓa hannu. Yaron ya ce, "Baba, rigar nan fa? Mai ita gobe da safe zai zo."

"Ka ba shi haƙuri." Ya tattare rigarsa ya hau bayan babur, ya ce wa ɗan acaɓan, "Roni za ka kai ni, ɗana, har cikin ƙauye. Kuma za ka jira ni, don da uban yarinyar za mu dawo."